Suna Ɗaya, Hukuma Uku: Maganar Garuruwa Takwarori a Keita, Buza da Madawa

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin marubutan jaridarku ya gabatar a Ibohaman, gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan hukuma. Mun buga shi yadda aka faɗe shi.

  

Da aka ce in zo in yi magana a Ibohaman, wasu sun zaci zan taɓo tsadar hatsi, ko halin da madatsar ruwanku take ciki. Waɗannan kun fi ni saninsu, ku da kuke kwana kuna tashi da su. Abin da na kawo ƙarami ne a ido, wato sunan gari. Hausawa sun ce suna linzami ne. Mutum biyu masu suna ɗaya mukan ce musu takwarori, a yi raha a wuce, domin kowa da fuskarsa. Gari ba shi da fuska a ofis. Wanda ke zaune a Tawa ko a Yamai yana rarraba buhuna, ko allunan makaranta, ko rumfunan zaɓe, bai taɓa shan ruwan rijiyarku ba. Layi ɗaya yake gani a takarda. In layin nan ya yi daidai da garuruwa uku, ɗaya a ƙasar Keita, ɗaya a ta Buza, ɗaya a ta Madawa, to ƙaddara ce za ta zaɓi wanda zai samu.

Kada ku ɗauka abin na ƙauyuka ne kaɗai. Ƙasarmu tana da komin biyu masu suna Tibiri: Tibirin Gobir kusa da Maraɗi, inda Sarkin Gobir yake zaune, da Tibirin jahar Dosso, wadda ta zama departama a 2011. Tana da Gangara biyu, ɗaya wajen Gazawa, ɗaya wajen Tanut. Illela tamu ce a jahar Tawa, amma duk wanda ya ƙetare iyaka daga Ƙonni, garin farko da zai shiga a Najeriya shi ma Illela ne. Akwai Gaya a bakin kogin Kwara, akwai Gaya a ƙasar Kano. Har Bangi ta Madawa, a rubutun Faransanci, harafi ɗaya ba ta bambanta da babban birnin Afirka ta Tsakiya ba. In manyan garuruwa masu tuta da ofisoshi suna da takwarori haka, yaya ƙauyen da ba shi da ko allo a bakin hanya?

Mu tambayi kanmu yadda aka yi haka. Kakanninmu ba su rasa basira ba. Sun raɗa wa wuri suna ne don mutanen da ke iya zuwa a ƙafa ko bisa jaki, kuma a cikin tafiyar yini ɗaya sunan ya wadatar. Wanda ya sari daji ya kafa bukka, sai a ce Gidan wane, ko Tungar wane. To, Bawa nawa ne a Adar, Ango nawa, Alhaji nawa? Wani wurin itacen da aka tarar ne ya ba shi suna: Tsamiya, Kuka, Gawo, Magarya, Cediya, Kalgo, Aduwa. Ba wanda ya mallaki tsamiya shi kaɗai. Wani kuma fata ne kawai aka yi masa, aka ce Tudun Wada, ko Nasarawa, ko Dar es Salam. Sai uban su duka, Sabon Gari da ɗan'uwansa Sabon Gida, wanda har komin guda ta Madawa take amsa shi. Gari yakan shekara ɗari, jikokin jikoki su yi furfura, yana nan yana amsa Sabon Gari. Ƴan'uwanmu masu Tamajak haka suke yi da nasu harshe: sunayen da ke farawa da In ko Tin suna nufin wuri mai abu kaza, rijiya ko itace ko dutse, kuma su ma suna maimaituwa daga nan har Azawak.

Hanya ta biyu ita ce ta fi shafarmu, mu mutanen duwatsu. Ƙasar Adar ƙasa ce mai tsauri, gonakin kwari ba su isar kowa. Tun da daɗewa magidanci kan kwashi iyalinsa ya nufi jigawa inda fili yake, ya yi tunga don noman damina. Shekara ta farko yakan koma gida bayan girbi. Shekara ta goma ya haƙa rijiya, ya kafa masallaci, ya daina komawa. In aka tambaye shi sunan wurin, sai ya faɗi sunan garin da ya baro, don shi a ransa bai bar shi ba. Haka uwa takan zauna a wannan departama, ɗiya a waccan, suna ɗaya, dangi ɗaya, har makabartar kakanni ɗaya.

Akwai kuma rabuwar da ba ta tafiya ba ce, ta sarauta ce. Gari ɗaya, masallacin Juma'a ɗaya, amma masu gari biyu, sai takarda ta ce wane na ɗaya da wane na biyu. Wani wuri kuma a liƙa wa sunan kabila, a ce na Hausa, na Fulani, na Buzaye. Tun bayan taron ƙasa na 1991, da jam'iyyu suka yawaita, wannan rabuwa ta samu taki. Unguwar da ta yi fushi da maigari ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, ɗan siyasa kuwa ya san cewa sabon maigari sabuwar rumfa ce mai biyayya. Ba na cewa duk wanda ya nemi rawaninsa ba shi da gaskiya. Tunga mai mutum dubu da ke nesa da uwarta ta cancanci maigarinta. Abin da nake cewa shi ne kowace rabuwa tana haifar da takwara, kuma ba a cika tsayawa a ba jaririn sunan da zai bambanta shi ba.

Sai alƙalamin Nasara ya zo ya ƙara dagula ruwan. An rubuta sunayen garuruwanmu da kunnen Bafaranshe da haruffansa, waɗanda ba su san ƙa da ɗa da ɓa ba, ba su san jan wasali ba. A wurinsa baki da baƙi duk abu ɗaya ne. Don haka sunaye biyu da ko yaro ba zai haɗa ba suka zama ɗaya a rajista. Ta ɗaya gefen kuma suna ɗaya ya tsage gida uku: gida ya zama Guidan a nan, Guida a can, unguwa ta zama Angoual, Tsamiya wani ya sa mata T a gaba, wani ya cire. Mu da muka yi karatun boko da Faransanci har jami'a, mu ne muka gaji wannan rubutu, kuma mu ne muke kare shi kamar wahayi. Sakatare yakan dubi dattijo ya ce masa ba haka ake faɗin sunan garinsa ba, alhali uban dattijon ne ya sari wurin.

Yanzu mu zo ga hukuma, inda nauyin maganar yake. Dokar 17 ga Yuli 1964 ta raba Nijar departama 7 da arondisma 32. Tawa ita ce departama, Keita da Buza da Madawa kuwa arondisma ne a ƙarƙashinta, kowace da superefe. Da aka zo gyaran mulkin kai na yankuna, wanda dokokin 1998 da na 2002 suka tsara, sai Tawa ta zama jaha mai gwamna, arondisma suka hau suka zama departama masu perefe. Ku lura da wannan, ma'aikata: kalmar departama kanta ta sauya ma'ana. Takardar da aka rubuta a 1990 in ta ce departama, Tawa take nufi. Ta yau in ta ce departama, Keita take nufi. Dokar 11 ga Yuni 2002 ta kafa komin 265, na karkara 213, na birni 52, aka yi zaɓensu na farko ranar 24 ga Yuli 2004. Keita ta samu huɗu: Keita, Tamaske, Garhanga da Ibohaman. Buza ta samu bakwai: Buza, Allakai, Babban Katami, Dewule, Karofan, Tabotaki da Tama. Madawa shida: Madawa, Azarori, Bangi, Galma, Urno da Sabon Gida. A 2011 kuma departama suka tashi daga 36 zuwa 63, aka fitar da irin su Malbaza da Bagaruwa. Ke nan mutumin da aka haifa a ɗaki ɗaya, bai taɓa ƙaura ba, takardunsa na iya nuna masa hukumomi uku dabam-dabam gwargwadon shekarar da aka rubuta kowace.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Lokacin da aka yanka komin ɗin nan, ba a bi daji da igiya ana kafa duwatsun iyaka ba. Jerin sunaye aka yi: gari kaza da gari kaza na komin kaza ne. Iyakar komin a ƙasarmu jerin sunaye ce a takarda kafin ta zama layi a ƙasa. Kuma tun zamanin Nasara, talaka mutumin maigarinsa ne ko ina ya kwana. Sunansa yana cikin rajistar maigarin da yake biya wa lanho, maigari yana ƙarƙashin sarkin kanto, makiyayi kuwa yana bin shugaban kabilarsa da na gurupma, waɗanda mutane suke mulka, ba fili ba. Don haka tungar da ke zaune a ƙasar Buza tana iya kai lanhonta Keita, ƴaƴanta su yi makaranta a inda ya fi kusa, matanta su je awon ciki a wata komin ta uku. A tsarin da aka gina bisa sunaye, suna biyu iri ɗaya daidai yake da gona biyu masu takardar mallaka ɗaya.

Bari in ba ku abin da ya same ni, don kada ku ce ɗan jarida yana zuzuta magana. Ba a yi mini takardar haihuwa da aka haife ni ba, kamar yawancin tsarana na ƙauye. Da zan yi jarrabawar farko aka yi mini zuzuma, aka rubuta sunan garinmu yadda mai rubutu ya ji. Shekaru bayan haka na je neman takardar shaidar ɗan ƙasa don shiga wata gasar ɗaukar aiki. Ma'aikacin ya duba, ya buɗe littafinsa, ya ce garin da ke takardata ba na yankinsu ba ne, na wata departama ce, in je can. Na je can da kuɗin mota na aro. Suka ce lalle suna da gari mai wannan suna, amma ba su san ubana ba, maigarinsu bai taɓa karɓar lanhon gidanmu ba. Kafin in dawo in samo shaidu biyu, a gyara harafi biyu, a ƙara sunan kanto, an rufe karɓar takardu. Shekara guda ta tafi. Ban riƙe kowa a zuciya ba, domin kowane daga cikinsu ya bi littafin da ke gabansa. Amma ni ina jin Faransanci, na san ƙofofin bariki. Ku auna tsohuwar da ta zo neman haƙƙin mijinta da ya rasu, ko yaron da aka tare a kan hanyar Agadas ana tambayarsa katin ɗan ƙasa.

Takarda ke nan. Maganar ciki ta fi ta zafi. Kowace shekara bayan girbi ana tattara jerin garuruwan da damina ba ta yi musu kyau ba, jerin ya hau daga komin zuwa departama, zuwa jaha, zuwa Yamai. Da wannan jeri ake tsara sayar da hatsi da rahusa daga rumbunan OPVN, da rabon kyauta ga waɗanda suka fi galabaita. Mun ga amfanin wannan a 2005 da 2010, iyayenmu kuwa suna ba mu labarin 1984, shekarar da aikin raya karkara na Keita ya soma da kuɗin Italiya, mata suna ɗaukar duwatsu a ka ana biyansu da abinci. Duk waɗannan da sunan gari ake yin su. In jeri ya hau da suna tsirara, ba komin ba kanto, wanda ke haɗa jerin departama uku a tebur ɗaya zai ga suna ya fito sau biyu. In mai tsabtar aiki ne, sai ya ɗauka kuskuren maimaici ne, ya share ɗaya. Da wannan sharewa ta minti guda, gari guda ya fita daga rabo, kuma ba wanda zai sani sai an ga mota ta wuce ba ta tsaya ba.

A nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Ruɗanin suna ba kullum ne hatsari ba. Wani lokaci mafaka ne. In buhu ɗari suka ɓace tsakanin garuruwa biyu masu suna ɗaya, kowane ofis yana da takardar da ke wanke shi: an aika, an karɓa, ga sa hannu, ga hatimi. Rijiyar da aka biya kuɗinta sau ɗaya ana iya nuna ta sau biyu. Ajin da aka ce an gina a gari kaza, in mai bincike ya zo, akwai gari kaza da ke da aji. Ban zo da sunan kowa ba, kuma ba na zargin ma'aikatan da ke zaune a nan, waɗanda yawancinsu suke aiki ba mota ba man fetur. Ina cewa ne duk ƙofar da aka bari ba sakata, wata rana wani zai tura ta.

Haka zaɓe. A zaɓukan ƙananan hukumomi na 2004 da 2011 da 2020, yawan kujerun majalisar komin ya danganta ga yawan jama'arta, daga kujera 11 zuwa 25. Garin da aka lissafa a komin da ba tasa ba ya tafi da mutanensa, da lanhonsa, da ƙuri'unsa. A watan Afrilu 2024 an rusa majalisun, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe komin. Wani zai ce to maganar ta mutu. Ni a ganina yanzu ne ta fi sauƙin gyara, tun da ba ɗan takarar da zai tsaya yana ƙirga ƙuri'un da zai rasa in aka mayar da gari inda yake. Ranar da aka koma ga akwati, da wannan jerin za a koma.

Alhazai, ku kuna ganin kamar wannan ciwon ma'aikata ne. Ku tuna da kamyon da aka yi wa lodin siminti ko takin zamani daga Ƙonni, aka ba direba sunan gari a baki, ya sauke kaya inda ya sani. Ku tuna da ɗan ci-rani a Abijan ko Legas ko Libiya da ya ba wani saƙo ya kai gida. Amma gaskiya ku kun riga hukuma warware matsalar. Ba ɗan kasuwar da ke faɗin suna tsirara. Kukan ce Tibirin Gobir, kukan ce wane ta hanyar Buza, wane mai kasuwar Laraba, wane ta gidan sarkin noma. Yaran tasha suna rarrabe garuruwa goma masu suna ɗaya ba tare da sun buɗe littafi ba. Ilimin yana nan a bakin mutane, takarda ce ba ta ɗauke shi ba.

Sauran ƙasashe ba su fi mu ƙarancin takwarori ba. Faransa cike take da garuruwa masu sunan waliyyi ɗaya, sai suka riƙa liƙa wa da yawa daga cikinsu sunan kogin da ke kusa da su, kuma suka ba kowace komin lamba mai alƙaluma 5 da ba ta da abokiyar tarayya. Jamus tana da Frankfurt biyu, kowace ana kiranta da koginta. Maƙwabtanmu na kudu suna da Tudun Wada a Kano, a Zariya, a Kaduna, a Gusau, ba su rusa ko ɗaya ba.

Don haka ba na goyon bayan a sauya wa kowa suna da doka. Suna tarihi ne, kuma wanda ya taɓa sunan gari ya taɓa rawani, ya tayar da rigimar da ta fi wadda yake son kashewa. A watan Oktoba 2024 an sauya sunayen wasu tituna a Yamai, titin De Gaulle ya koma na Djibo Bakary. Wannan sunan baƙo ne aka cire. Sunayen ƙauyukanmu namu ne, rubutunsu ne kawai na baƙo. Tun 1999 ƙasar nan take da ƙa'idar rubuta Hausa da Tamajak a hukumance, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya ba ta matsayin harshen ƙasa. In wannan matsayi zai yi wa talaka amfani, to ya soma daga nan: a rubuta sunan kowane gari sau ɗaya, da haruffan harshen masu shi, a ajiye tsohon rubutun a gefensa domin tsofaffin takardu kada su mutu.

Kayan aikin ma akwai su. An yi ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012. Daga ta 2012 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ta fitar da kundin garuruwa da ake kira RENALOC a 2014, wanda ya jera kowane wuri a ƙarƙashin kominsa, ya nuna ko gari ne mai maigari, ko tunga, ko zango, da yawan mutanensa da gidajensa. Nawa ne cikinmu suka taɓa ganin shafin Ibohaman na wannan kundi? Littafin da ya kamata a liƙa a bangon gidan magajin gari yana kwance cikin kwamfuta a Yamai, ga shi kuma ya tsufa, an haifi tungaye da yawa bayansa.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kuɗin Italiya. A buga shafin kowace komin, a karanta shi da ƙarfi a gaban masu gari da shugabannin kabilu, a kuma karanta a rediyon karkara, kowa ya ji sunansa ya ce i ko a'a. Inda aka samu takwara, masu garin da kansu su faɗi laƙabin da aka riga aka san su da shi a kasuwa, a rubuta shi. Komin 17 na departama ukun nan su aika wa juna jerinsu, domin takwarar da ke cutar da kai yawanci ba a cikin kominka take ba, tana ƙetaren iyaka inda ba ka duba. Kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, tun daga na gari har na departama, su ne suka fi kowa bukatar wannan, don takardar gona da ba ta fayyace garinta ba shari'a ce ake ajiye wa jikoki.

Ku kuma ma'aikata, akwai abin da ke hannunku tun gobe da safe, ba sai an aiko da umarni daga sama ba. Malamin makaranta mai cika rajistar ɗalibai, ungozoma mai rubuta haihuwa, sakataren da ke buga takarda, malamin gona mai aika jerin garuruwan da fari ya taɓa: kada ku sake rubuta sunan gari shi kaɗai. Ku rubuta uku a jere, gari, komin, departama, ko da takardar ba ta bar fili ba, ku matsa a gefe. In kuna da lambar da INS ta ba wurin, ku ƙara ta. Alhazai, ku yi haka a takardar lodi da bisa buhu. Iyayena masu gari, in an kawo muku takarda ku sa hannu a kan an karɓi kaya, ku sa a karanta muku sunan komin da ke kai kafin ku dangwala yatsa.

Na ga magatakardan komin yana nan tare da mu, kuma an ce mini rajistar lanho ta bana tana ofishinsa. In iyayena sun yarda, kafin a watse a ɗauko ta, mu soma karanta sunayen tun yau, mu ga guda nawa ne a ciki wani a zauren nan ya san takwararsu a Buza ko a Madawa.